Zafin Kano, raƙumi da mutanen ƙanƙara: halitta ce ko sabo?

Wani ɗan'uwa mai kiwon kaji a wajen Rijiyar Zaki ya aiko da tambaya. Ya ce a bazarar bana kajin gidan gonarsa sun yi ta faɗuwa da rana tsaka, alhali kajin Hausa na maƙwabta suna ta tononsu a gindin katanga, ko a jikinsu. Ƙaninsa kuma yana karatu a Rasha, yana ba shi labarin sanyin da ke kai digiri 25 ƙasa da sifili, amma mutanen garin suna fita kasuwa, yara suna zuwa makaranta. Shi ne yake tambaya: shin kowace dabba da kowace al'umma an yi mata jikin da ya dace da ƙasarta ne, ko kuwa sabo ne kawai?

Malam, Allah ya mayar maka da alherin abin da ka rasa. Tambayarka amsa biyu gare ta, domin ta dabba daban, ta mutum daban. Dabba da kayan aikinta ake haihuwarta: gashi, kitse, ƙoda, tsawon ƙafa, girman kunne. In ka raba ta da ƙasar da waɗannan suka dace da ita, sai wahala. Mutum kuwa, daga Kano har Rasha jikin kusan ɗaya ne. Abin da ya raya shi a hamada da cikin ƙanƙara shi ne abin da ya koya a wurin magabata: yadda ake gina ɗaki, abin da ake sawa, abin da ake ci, da lokacin aiki da lokacin hutu. Irin wannan ilimi ana koyonsa, ana kuma iya zubar da shi, kuma a ganina mu Kanawa mun zubar da mai yawa.

Bari mu fara da kajinka. Kaza ba ta yin gumi. Zafin jikinta ma a kullum kusan digiri 41 ne, saboda haka tazarar da ke tsakanin lafiyarta da halakarta ba yawa. In zafi ya dame ta sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta tona ƙasa mai sanyi ta kwanta a ciki. Ita buroila, kazar gidan gona da ake kiwo don nama, an tsara irinta ne a ƙasashe masu sanyi don ta tara kilo 2 ko fiye cikin mako 6. Duk abincin da take ci yana haifar da zafi a cikinta, ƙirjinta kuma yana girma da saurin da zuciya da huhu ba sa iya bi. In ta girma, iskar da take so ba ta wuce digiri 20 zuwa 24 ba. Sai ga ta da ɗaruruwan 'yan'uwanta a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, lokacin da waje ma ya haura 40. Kazar Hausa jikinta ƙarami ne, tana girma a hankali, kuma tana da 'yancin zaɓar inuwar da ta ga dama. Ka lura da wadda wuyanta ba gashi, ita ta fi kowa jure bazara.

Masu gidan gona da suka daɗe a harkar sun san maganin. Ana gina ɗakin kaji da tsawonsa daga gabas zuwa yamma don kada rana ta shigo ta gefe, a ɗaga rufi, a bar gefuna a buɗe da raga, a shimfiɗa zana ko kara a kan kwanon. A rage yawan kajin daga Maris zuwa Mayu. A ba su abinci da asuba da kuma bayan la'asar, a ɗauke shi da rana, amma ruwa mai sanyi kada ya yanke. Wasu ma ba sa zuba buroila sam a waɗannan watanni, sai su koma noila, wadda ake kiwo don nama da ƙwai, ko masu ƙwai irin Shika Brown da aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya domin yanayinmu.

Maganar ƙaramin jiki da na yi tsohuwar magana ce a ilimin dabbobi. Tun 1847 wani Bajamushe, Carl Bergmann, ya lura cewa dabbobi 'yan gida ɗaya sun fi girma a ƙasashen sanyi, a 1877 kuma Joel Allen na Amurka ya ƙara da cewa na ƙasashen zafi sun fi tsawon ƙafa da kunne da jela. Dalilin a fili yake: jiki dunƙulalle yana riƙe zafi, siriri mai dogayen gaɓoɓi yana sakinsa. 'Yanyawar Sahara kunnuwanta sun yi wa kanta yawa, dilar ƙasashen ƙanƙara kuwa nata 'yan mitsi-mitsi ne a cikin gashi. Ba sai ka je nesa ba. Ka shiga kara kafin Babbar Sallah ka dubi Balami da Uda: dogayen ƙafafu, kunnuwa har suna reto, gajeren gashi a maimakon ulun tumakin Turai. Farar saniyar Fulani, Bunaji, farin gashi gare ta da ke mayar da hasken rana, fatar da ke ƙarƙashi kuma mai duhu, ga fatar wuya tana lilo tana shan iska. Shi ya sa saniyar Holan mai baƙi da fari, wadda a ƙasarta take cika bokitai da madara, in an kawo ta nan take tsayawa tana haki, ta rage ci, nonon ya ragu. Amma ita ma Bunajin in ta nutsa kurmi inda tsando yake, sammore ke kayar da ita, alhali 'yar guntuwar muturu ta Kudu tana nan lafiya lau. Ka ga ke nan yanayi ba zafi da sanyi kaɗai ba ne, har da ƙwari da cututtukan da ke tare da su.

Raƙumi ne ya kamata mu ɗan daɗe a kansa, Alƙur'ani ma ya ce a dube shi a ga yadda aka halicce shi. Da farko, tozonsa ba ruwa ba ne a ciki. Ka je abbatuwa da sassafe ka roƙi mahauta su nuna maka wanda aka yanka: kitse ne fari fat, mai tauri. Amfanin tara shi wuri ɗaya shi ne sauran jikin ba shi da bargon kitsen da zai hana zafi fita. In raƙumi ya daɗe bai ci ba, za ka ga tozon ya yamutse ya kwanta gefe guda.

Babban sirrinsa wani masani ɗan asalin Norwe, Knut Schmidt-Nielsen, ya auna shi a Beni Abbas ta Aljeriya a shekarun 1950. Ni da kai jikinmu digiri 37 yake so, da ya ɗan ɗaga sai gumi ya karyo, wato muna sayen sanyi da ruwan jikinmu. Raƙumin da ke jin ƙishirwa ba ya haka. Da asuba jikinsa yakan sauka zuwa digiri 34, sai ya bar rana ta yi ta dumama shi a hankali har ya haura 40 da yamma, sannan ne zai fara gumi sosai. In dare ya yi, sanyin hamada ya kwashe zafin kyauta. Da wannan kaɗai yana tsimin kusan lita 5 na ruwa a yini. Mutum in jikinsa ya kai inda na raƙumi mai ƙishirwa ke kaiwa, sai asibiti. Hancinsa yana tare danshin numfashi kafin ya fita, fitsarinsa kaɗan ne mai kauri, kashinsa busasshe ne har ana iya hura wuta da shi. Yana iya rasa ruwan da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa yana tafe, mutum kuwa rabin haka ya isa ya kai shi bakin mutuwa. In ya iso rijiya zai sha lita 100 cikin 'yan mintoci, jininsa bai lalace ba, domin jajayen ƙwayoyin jininsa suna iya kumbura ba su fashe ba. Akwai abu guda da masanin ya gano da nake so ka riƙe, domin za mu dawo kansa: da aka aske gashin raƙumi, ruwan da yake asara ya ƙaru da kusan rabi. Ashe gashin nan ba zafi yake ƙara masa ba, rana yake tare masa.

Ba kowace dabba ke tsayawa ta jure ba. Wata ɓuya take yi. A fadamun Haɗeja da Nguru, in rani ya yi nisa, za ka ga mutum da fartanya yana bin busasshiyar laka da ta tsattsage, yana neman wani ɗan rami. In ya haƙa sai ya zaro wani dunƙule, a cikinsa kifi ne a naɗe, da ransa. Gaiwa ke nan. Tana da huhu, in ruwa ya fara janyewa sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta ya bushe ya zama kwanso, ta bar 'yar kafar shan iska. Bugun zuciyarta ya ragu, ta zauna wata da watanni ba ci ba sha, tana rayuwa da naman jikinta. Masunta da ke cewa gaiwa jikinta take ci gaskiya suka faɗa. Kwaɗin da ke cika mana kunne daren ruwan farko su ma a ƙarƙashin ƙasa suka yi rani. Wata dabbar kuma ƙaura take yi. Shamuwa tana zuwa mana gab da damina ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, in kaka ta yi ta nufi kudancin Afirka inda damina ke farawa, tana bin fara da tsutsa. Tsuntsayen Turai kuma su ke sauka a fadamar Dagona ta jihar Yobe lokacin hunturu, sun gudo wa sanyin can.

To, mu koma kan mutum. Jikinmu na ƙasar zafi ne, mu duka, har da Barashen da ƙaninka ke gani. Mutum in ba sutura, yana zaune ba ya motsi, da iska ta sauka ƙasa da wajen digiri 27 jikinsa zai fara ƙona abinci don ya dumama kansa. Wajen fitar da zafi kuwa ba mu da na biyu: ƙofofin gumi miliyan 2 zuwa 4 ne a fatarmu, mai aiki a rana yana iya zubar da fiye da lita guda a awa. Sabo ma gaskiya ne, kuma an auna shi. Baƙon da ya zo ƙasar zafi, cikin mako 1 zuwa 2 jikinsa zai fara gumi da wuri, da yawa, da ƙarancin gishiri, ruwan jininsa ya ƙaru, zuciya ta samu sauƙi. In ya bar zafin 'yan makonni sabon ya tafi. Gumi kuwa ba ya sanyaya jiki sai ya bushe, shi ya sa digiri 33 na Legas ko na Kano a ƙarshen Mayu, lokacin da hadari ke haɗuwa ba ruwa, ya fi 38 na Maris mai busasshiyar iska gallaza wa mutum.

Akwai bambance-bambancen gado tsakanin al'ummu, amma kaɗan ne, kuma dubban shekaru suka ɗauka. Baƙar fata garkuwa ce daga zafin hasken rana, farar fata kuma tana taimaka wa mazauna inda rana ke ƙaranci su samu bitamin D. Mutanen Tibet da ke zaune a tudun da ya kai mita 4,000 suna da wata ƙwayar gado da ke hana jininsu yin kauri saboda ƙarancin iska. Fulani da yawa suna narkar da ɗanyar madara har tsufa, abin da mafi yawan manya a duniya ba sa iyawa. Namu misalin mai ciwo shi ne sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai AS ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Sauro ne ya yawaita wannan gado a cikinmu, kariya ga wanda ya gaji ɗaya, jarrabawa ga wanda ya gaji biyu. Don haka gwajin jini kafin aure ba abin wasa ba ne.

Amma duk waɗannan ba su ne suka zaunar da mutum a ƙanƙara ba. Ga labarin da nake yawan bai wa ɗalibai. A 1845 Sa John Franklin ya tashi daga Ingila da jiragen ruwa 2 da mutum 129, da abincin gwangwani na shekaru, don neman hanya ta arewacin Kanada. Ƙanƙara ta riƙe jiragen kusa da tsibirin Sarki Wiliyam, kuma ko mutum ɗaya bai koma gida ba. A wannan yanki da suka mutu da yunwa da sanyi, mutanen Inuwit suna zaune da matansu da jariransu tun ɗaruruwan shekaru. Su sun san yadda ake ɗinka riga biyu ta fatar barewar ƙanƙara, ta ciki gashi na taɓa jiki, ta waje gashi na kallon iska, a bar ta sakwa-sakwa don gumi ya fita, domin jiƙaƙƙiyar riga a can ajali ce. Sun san gina ɗaki da dusar ƙanƙara, da kunna fitilar kitse a ciki, da jira a bakin kafar da dabbar ruwa ke fitowa shan iska. Cin ɗanyen nama da suke yi shi ke ba su bitamin C a ƙasar da ba lemo ba ganye. Bayan shekara kusan 60, Roald Amundsen na Norwe ya zo tsibirin nan, ya yi hunturu biyu daga 1903 zuwa 1905 yana koyo a wurinsu, ya sa tufafinsu, ya koyi tuƙa karnuka. Da wannan ilimi ya isa ƙuryar kudancin duniya ranar 14 ga Disamba 1911, ya dawo da mutanensa duka. Ayarin Robert Scott na Ingila da ya iso bayansa da 'yan makonni, su biyar ɗin a hanyar dawowa suka rasu. Jikin Amundsen bai canza ba, Bature ne kamar su Franklin. Ya dai yarda ya zauna gaban waɗanda wasu ke rainawa ya ɗauki karatu.

Haka ƙaninka zai yi. A Yakutsk ta Sibiriya, inda sanyin Janairu ke kai wajen digiri 40 ƙasa da sifili, mutum fiye da 300,000 ne ke zaune, da gidaje a kan ginshiƙai don kada ɗumin ɗaki ya narkar da daskararriyar ƙasa, da tagogi masu gilashi ninki-ninki, da bututun ruwan zafi da ke zagaya gari. Ka ce masa ya sa irin abin da ya ga 'yan gari sun sa, riga a kan riga, ya rufe kai da kunne da yatsu, kada ya ji kunyar tambaya. Jiki ba ya sabawa da sanyi kamar yadda yake sabawa da zafi, sutura da ɗaki ne ke yin aikin.

Maƙwabtanmu Abzinawa su ne ɗaya gefen. Mai kallo daga nesa zai ce me ya sa mutum a tsakiyar Sahara zai naɗe kansa da rawani, ya rufe baki da hanci, ya zuba riguna masu duhu? Ka tuna raƙumin da aka aske. Inda iska ta fi jiki zafi, tuɓe riga buɗe wa zafi ƙofa ne. Riga mai faɗi tana tare rana, iska na zagayawa a ƙarƙashinta tana busar da gumi sannu a hankali, amawali kuma yana tare ƙura da danshin numfashi. A 1980 wasu masana sun gwada baƙar riga da fara irin na Larabawan ƙauye a hamada, suka tarar in rigar mai faɗi ce zafin da ke isa fata ɗaya ne. Baƙin da Abzinawa ke naɗawa kuwa a Kura da marinar Kano aka daɗe ana rina shi ana bugawa. Ayarinsu na gishiri ba ya ƙetare hamadar Tenere ta Nijar zuwa garuruwan Faci da Bilma sai da kaka, bayan zafi ya sauka raƙuma sun ƙoshi, kuma suna ajiye damman ciyawa a hanya saboda dawowa. Daga nan su gangaro ƙasar Hausa da kantu da dabino, raƙuma su yi rani a gonaki suna cin kara suna zuba taki, su koma da gero. Bafulatani ma haka yake karanta shekara: da rani ya bi fadama da Kudu, da damina ya hauro ya guje wa tsando. Hamada ba ta taɓa ciyar da kowa ita kaɗai ba, sai da ciniki da zumunci da masu noma.

Yanzu mu dubi namu. Kano gari ne da ruwa ke sauka wata huɗu zuwa biyar, sauran shekara ba ɗigo, ga hunturu da dare kan sauka ƙasa da digiri 15, ga bazara. Duk da haka karkarar da ke kewaye da birnin tana cikin wurare mafi cunkoson manoma a wannan yanki na Afirka, ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin yadda hakan ta yiwu: jakuna suna shigo da itace birni su fita da taki, ana haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya don in ɗaya ya ƙi wani ya yi, ana barin gawo a tsakiyar gona domin shi da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi inuwa ya ba dabbobi abinci. Gero yana nuna cikin wata uku, kafin ruwa ya ɗauke. Kuka, kuɓewa, kilishi, daddawa, duk dabarun tsallake rani ne. Fura da kunun tsamiya suna mayar wa jiki ruwa da ƙarfi tare. Manomi ya fita bayan asuba ya dawo kafin rana ta take, a yi ƙailula, kasuwa ta cika bayan rana ta karya. Sunna ma ta zo da jinkirta azahar in zafi ya tsananta.

Gini ne ya fi ba ni takaici. Ka shiga Gidan Makama da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu, ka dafa bangon ciki da tafin hannunka. Za ka ji shi da sanyi, alhali waje ƙasa na ƙona ƙafa. Bangon tubali mai kauri yana shan zafin rana a hankali, kafin ya ratso ciki dare ya yi, lokacin mutane suna kwance a tsakar gida ko a kan soro. Da hunturu kuma ɗumin da ya sha da rana shi yake saki da dare. Rufin azara da ƙasa ne, azarar kuma ta giginya ce da gara ba ta cika ci ba. Tagogi ƙanana ne a sama, inda iska mai zafi ke taruwa. Ana shafe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa, rufi kuma da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara, sharar sana'a biyu ta zama maganin yoyo. Lungunan cikin birni matsattsu ne, inuwa ba ta rabuwa da su. Kududdufan da aka haƙi ƙasar gini su ke karɓar ruwan indararo. Randa a gindin bishiya tana tsatsafo da ruwa ta jikinta, iska na busarwa, na ciki na yin sanyi. Da wannan hikima ce Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da ganye, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000.

Me muka musanya da shi? Bulo mai inci 6, kwano ba sili, tsakar gida an shafe ta da intalok, darbejiyar ƙofar gida an sare an yi shago, kududdufi an cike an yanka filoti. Irin wannan ɗaki tanda ne, yana gasa na ciki da rana, da dare bango ya ci gaba da huci, sai an dogara da fanka da wutar da ba kullum ake samu ba. Ba ina cewa ginin ƙasa ba shi da aibi ba. Yana son yaɓe duk shekara, in an yi sakaci yana rushewa a watan Agusta har a rasa rai, giginya ta yi ƙaranci, fili ya yi tsada, bango mai kauri kuma yana cin wuri. Mutane ba wauta ta sa suka koma siminti ba. Laifin shi ne mun ɗauko kayan gini na wasu, ba mu zuba musu ilimin namu ba. Turawa ma sun ɗanɗana kishiyar wannan: a zafin 2003 mutum fiye da 70,000 suka mutu a Turai, da zafin da mu muke gani duk shekara, domin gidajensu don riƙe ɗumi aka gina su.

Kada kuma mu ruɗi kanmu da cewa mun saba. Sabo yana da iyaka, zafin kuma ƙaruwa yake. Ranar 3 ga Afrilu 2024, cikin azumi, an auna digiri 48.5 a Kayes ta Mali, a Hajjin wannan shekarar kuma alhazai fiye da 1,300 suka rasu, akasari saboda zafi. Waɗanda ke fara faɗuwa su ne tsofaffi, jarirai, masu ciki, masu hawan jini da ciwon ƙoda, sai 'yan dako da leburori da masu tura ruwa. Zafin dare ya fi na rana haɗari, domin jiki ba ya samun lokacin hucewa, cunkoso a ɗaki marar taga kuma a wannan lokaci shi ke taimaka wa sanƙarau, wanda a 1996 ya kashe mutum fiye da 11,000 a ƙasar nan. In ka ga mutum a rana ya rikice, yana sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa a yi ta fifita, a garzaya asibiti. Ba lokacin jiƙa magani ba ne.

Gyaran ba ya buƙatar mu koma zamanin Sarki Rumfa. Francis Kere na Burkina Faso ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da tubalin ƙasa da aka matse da inji, ya ɗaga kwano sama da rufin ya bar iska na wucewa a tsakani, a 2022 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu kyautar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gini. A Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da irin wannan tubali a 2018, suka mayar da tsohon ɗakin karatu, tare da maginan gargajiya. Ya kamata sassan koyar da zanen gini na jami'o'inmu su zauna da tsofaffin maginan cikin birni tun suna raye, a rubuta ma'aunin laso da makuba da yadda ake ɗaurin guga, wato rufin soro mai baka. Wanda kuma ya riga ya yi ginin bulo, ya sa sili, ya buɗe kafar iska tsakaninsa da kwano, ya shafa wa kwanon farin fenti, ya fitar da taga biyu masu kallon juna, ya bar wani ɓangare na tsakar gida da ƙasa, ya dasa bishiya a gefen yamma inda ranar la'asar ke dukan bango.